Kare Ba Ya Tuƙa Mota

Asabar, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Mun dawo daga Kiru. Makarantarmu ce ta zo ta ɗaya a gasar kacici-kacici ta ƙaramar hukuma. Mu ne za mu je zagayen ƙarshe a Tudun Wada ranar 12 ga Yuli, mu kara da waɗanda suka ci a Bebeji da Doguwa da su masu masaukin. Ya kamata in rubuta wannan da farin ciki. Ga shi na rubuta.

Mu biyu ne a teburi, ni da Baturiya 'yar Gwaggo. Tambayoyin sararin samaniya duk ni na ɗauke su. Na labarin ƙasa ma haka. Na ce Kanbera ce babban birnin Ostareliya, bayan yaran teburin gefenmu sun ce Sidni. Na ce hasken rana yana ɗaukar kimanin minti takwas kafin ya iso gare mu. Ba wanda yake maganar wannan yanzu, ba kuma wanda zai tuna.

Akwai zagaye na uku, na katun. Ban san wanda ya ga ya dace a haɗa taurarin Allah da zanen yara a takarda ɗaya ba.

Ba zan rubuta abin da na faɗa ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, da hantsi

Ban yi fushi ba. Na wanke yunifom ɗina, na tsince wa Umma wake, na share tsakar gida har bayan rumbu inda ba wanda ya ce in share. Mai fushi ba ta wannan aikin.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan an taso makaranta

Ina shiga aji wata ta ce "fim-fim" daga bencin baya, irin hon ɗin mota. Ban waiga ba. Sai wata ta karɓa, sai wata. Kafin in kai wurin zamana ajin ya koma tashar Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa.

Baturiya ce ta fara. Ta riƙe murfin kwanon abincinta tana juya shi kamar sitiyari, ta ce, "A ba direba hanya! Bahijja, ina kika ajiye motar?"

A asambuli shugabar makaranta ta kira sunayenmu aka tafa. Cikin tafin ma na ji fim-fim.

Bayan ƙaramar Salla aka kawo yarinyar nan daga Kaduna da jaka ɗaya, aka ce za ta ƙarasa zangon karatu a wurinmu. Ni na nuna mata ajinmu. Ni na ba ta rabin katifata. Ni na ce wa Malam Inuwa, malamin da ke shirya mu, ya gwada ta, tunda ta san katun, mu kuwa ba talabijin a gidanmu. Ni, da bakina.

Talata, 24 ga Yuni, da yamma

To, zan rubuta, tunda har masu acaɓa sun sani.

A gasar, tambaya bi da bi take zuwa. In wadda aka tambaya ta kuskure, abokiyar zamanta tana iya gyarawa, a ba su rabin maki. A zagayen katun layi ya zo kaina. Alƙalin gasa ya karanta: a wani tsohon katun akwai kare mai sa hula yana tuƙa mota, mene ne sunansa?

Na miƙe. Na yi tunani sosai, ba gaggawa na yi ba. Na ɗauka irin tambayar nan ce ta tarko, kamar wadda ake cewa wace tauraruwa ce ta fi kusa da mu, mutum ya tafi can nesa yana lalube, alhali rana ce. Sai na matsa kusa da makirufo, na ce da ladabi, "Malam, kare ba ya tuƙa mota."

Alƙalin sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Manyan baƙi da ke kujerun gaba, masu manyan riguna, har da buga ƙafa. Baturiya ta faɗi sunan karen tana riƙe da ciki, aka ba mu rabin maki.

Abin da na faɗa gaskiya ne. Har yanzu gaskiya ne. A nuna mini karen.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan Islamiyya

Na kai ƙara. Na sami Umma tana tankaɗe, na durƙusa na ce, "Umma, ki yi wa Baturiya magana." Ta ce me ta yi. Na gaya mata duka, ban rage ba. Ta juya fuska wajen bango, kafaɗunta suna rawa. Uwar da ta haife ni.

Iya, kakarmu, wadda ta haifi Baba da Gwaggo, tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ke 'yar namiji, ita 'yar mace. Taubashiyarki ce. In ba ta tsokane ki ba wa za ta tsokana, limamin Juma'a?"

Na ce, "Iya, a gaban mutane fa."

Ta ce, "To a cikin rumbu ake wasan taubasai? Ni nawa taubashin, Allah Ya jiƙansa, ranar da za a kai ni ɗaki ya ɓoye mini takalmi ɗaya. Da ɗaya na shiga gidan kakanku, ina ɗingishi kamar agwagwa. Ba a fushi da taubashi, ba a kai ƙararsa. Ramawa ake yi."

Wato akwai mutum guda a duniya da aka ba wa izinin wulaƙanta ni, kuma a katifata take kwana.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan azahar

Malam Inuwa ya fara shirya mu a gaban 'yan aji, don mu saba da idon jama'a. Ya ce, "Bahijja, wace duniya ce ta fi girma cikin waɗanda ke kewaya rana?"

Jupita. Wannan ko daga barci aka tashe ni. Na miƙe, na buɗe baki, wata ta yi fim-fim a hankali, can ƙasa-ƙasa. Shi ke nan. Ina ganin amsar, ina jin ta a kan harshena, ta ƙi fita. Na tsaya har Malam ya ce in zauna.

Ya sake gwada ni da teku mafi girma. Haka aka yi.

Na rubuta Jupita da Fasifik a takarda na miƙa masa. Ya duba, ya ce, "A Tudun Wada makirufo za a ba ki, ba biro ba."

Juma'a, 27 ga Yuni, da safe

Fim-fim har a bakin famfo, daga matan aure.

Asabar, 28 ga Yuni, da hantsi

Ruwa tun asuba, ba a je gona ba. Na zauna a bakin ƙofa ina bita. Tun ina aji uku nake shirin wannan gasar. Littafin taswirar makarantarmu ba bango, shafin Turai ya yage, sai da na roƙi Malam ya nuna mini a wayarsa na zana da hannuna. Na san Lesoto tana cikin cikin Afirka ta Kudu, an kewaye ta ta ko'ina. Na san wata ba shi da hasken kansa, kuma fuska ɗaya yake nuna mana kullum, ɗayar ba a ganinta daga nan. Na san wannan duka a cikin ɗaki. A cikin ɗaki muryata lafiya lau.

Baturiya ta zo ta zauna a kan turmi tana cin ɗanyar gyaɗa. Ta ce, "Direba, kawo in koya miki katun. Kyauta, don zumunci."

Na ci gaba da bita.

Ta ce, "Ke komai a takarda kika san shi. Kin taɓa ƙetare iyaka? Ni da dangin babana suke Jibiya, na shiga Maraɗi na ci kilishi na dawo. Ke iyakacinki Dangora, shi ma suna aka je."

Na juya shafi.

Ta ce, "Kin san abin da ya fi ba ni dariya? Da ladabi kika faɗa. Har da ɗan rusunawa." Ta tashi ta kwaikwaya. Iya ta yi dariya har ta ƙware.

Ban yi fushi ba. Na shiga ɗaki ne saboda feshin ruwa.

Litinin, 30 ga Yuni, bayan an taso makaranta

Malam Inuwa ya tsayar da ni a bakin ofis. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "Bahijja, ba ni da ɗalibar da ta kai ki sani. Amma ba zan kai bebiya gaban ƙananan hukumomi huɗu ba. Ranar Alhamis ta sama za a yi gwajin ƙarshe a asambuli, gaban makaranta duka. In kin yi magana, kujerarki ce. In ba ki yi ba, Shamsiyya za ta zauna."

Na ce, "To, Malam." Wannan ta fita.

Shamsiyya! Shamsiyya da ta yi mini gardama bara cewa rana ba tauraruwa ba ce, wai don ba ta fitowa da daddare. Muryarta kuwa in ta yi atishawa ana ji a Kiru. Wato murya ake nema. Da sun faɗa tun farko, da mai shelar gari aka ɗauka.

Ita wadda ta jawo abin ba wanda ya ce za a cire ta. Ai wasa ne.

Talata, 1 ga Yuli, bayan magariba

Na tsaya gaban tunkiyarmu na ce mata Jupita da ƙarfi. Ta ji. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 2 ga Yuli, da yamma

Baba ya dawo daga gona da wuri. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita zaure ya ja ƙofa. Da ya shigo ya kira Umma ɗaki. Na ji "an sake kwantar da ita", na ji "kada Iya ta ji tukuna". Da na wuce da buta suka koma maganar taki.

Ba a tambayar manya. Ban tambaya ba. Ba ma shi ne damuwata ba yanzu.

Baturiya ta daɗe a kan sallaya. Da ta sallame ta ce mini fim-fim, amma ba ta ko dube ni ba, kamar mai sauke wani aiki da aka ɗora mata.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan azahar

Kogin da ya fi tsawo a Afirka. Nilu. Na miƙe, na tsaya, na zauna.

Shamsiyya ta ce Kwango, da murya kamar ta ci kyauta. Malam ya gyara mata, ya ce ta ƙara ƙoƙari. Ni bai ce mini komai ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi

Jiya aka yi cika-ciki. Umma ta fito da ƙaurin ragon layya da ta adana, aka yi tuwo mai yawa, aka yanka zakara. Maƙwabta suka shigo, 'yan ajinmu biyu ma suna ciki. Ranar taubasai ce, kowa yana neman nasa da tsiya.

Bayan magariba muna zaune a tsakar gida, sai ga Baturiya da kwanon sha mai murfi, wanda ake ba baƙi. Ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ranki ya daɗe, ga saƙo daga wajen maigidanki, ya ce ki ajiye masa, ya tafi kai fasinja Dangora." Na buɗe. Ƙashi ne, an gwaigwaye shi tas.

Aka kwashe da dariya. Iya tana tafa hannu tana cewa, "Rama, Bahijja! Yau ranarki ce, rama!" Umma ma ta ce in rama. Kowa ya zuba mini ido.

Sai na rama. Na ce, "Ni ba ni da lokacin karnuka. Ni a gidanmu ana kula da ni, ba a kunna mini talabijin a bar ni ni kaɗai tun safe har dare."

Ba wanda ya yi dariya. Umma ta ajiye ludayi. Baba ya tashi ya fita bai wanke hannu ba. Baturiya ce kaɗai ta yi dariya, can daga baya, ta ce, "Kai, direba ta taka ni." Ta ɗauki kwanonta ta shiga ɗaki.

Umma ta same ni a madafa, ta ce a hankali, "Ba haka ake yi ba. Taubashi riga yake ja, ba ya taɓa fata."

To ni wa ya koya mini? Su suka ce in rama. Ita ta yi mako biyu tana yi, ana tafa mata. Ni na yi sau ɗaya, gida ya yi tsit kamar an yi sata. Kuma ita ce da bakinta ta gaya mini haka, farkon zuwanta, cewa tun da Gwaggo ta daina iya tashi, talabijin ke wuni da ita. Ban ƙirƙira ba.

Ba zan ƙara rubutu a kan wannan ba.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan an taso makaranta

Ta daina. Ko sau ɗaya ba ta ce fim-fim ba. Sauran suna yi, amma ba daɗi suke ji ba tunda ba ta karɓa.

Mun tafi makaranta tare, mun dawo tare, ba wadda ta ce uffan. Ta gaishe ni da safe kamar wata baƙuwa: "Ina kwana, Bahijja." Da sunana. Wannan ma wani sabon salon tsiya ne, na sani.

A gwaji yau ba wanda ya yi hon. Na miƙe duk da haka na kasa.

Talata, 8 ga Yuli, bayan sallar asuba

Na fito alwala na tarar da ita zaune a kan turmi, ta lulluɓa da zane. Gari ya washe bayan ruwan jiya. Na wuce ta. Sai ta ce, "Waccan mai hasken, ta gabas, wace ce?"

Ban yi niyyar amsawa ba, amma ba zan iya jin tambaya irin wannan in bar ta a ƙasa ba. Na ce, "Iya tana kiranta Gamzaki. Ba tauraruwa ba ce, duniya ce, Zahara. Ta fi duk sauran zafi."

Ta ce, "Daga Kaduna ana ganinta?"

Na ce ana gani.

"Ko ta taga?"

Na ce, "In tagar gabas take kallo."

Ta ce, "Ban san inda take kallo ba. Ba a barin yara su shiga ɗakin asibitin."

Na tsaya da buta a hannu. Akwai abin da ya kamata a ce a nan, na san akwai. Na laluba ban samu ba. Sai na ce, "Yininta ɗaya ya fi shekararta tsawo." Ta ce, "Allah sarki." Aka tada salla a masallaci.

Haushin kaina nake ji, da nata, da na wanda ya gina tagar.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan Islamiyya

Gobe. Shamsiyya ta riga ta goge hijabinta.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta.

An fito da teburi tsakiyar filin asambuli, aka jona makirufo da batirin shugabar makaranta. Makaranta duka a tsaye, malamai a kan kujeru. Ni da Baturiya a teburi, Shamsiyya a gefe tana jira kamar mai jiran gado.

Malam Inuwa ya fara da ni. Dutsen da ya fi tsawo a duniya. Na miƙe. Ba wanda ya yi hon, shugaba ta hana, amma ina jin sa a idanunsu. Lokaci ya ƙare. Baturiya ba ta gyara ba. Malam ya dubi Shamsiyya, ya dubi takardarsa, na ga ya riga ya yanke.

Ya ce, "Baturiya, taki. Wace ƙasa ce ta yi iyaka da Najeriya ta arewa?"

Ta miƙe a hankali, ta gyara hijabi, ta matsa kusa da makirufo, ta ɗan rusuna da ladabi, ta ce, "Katsina, Malam."

Filin ya fashe. 'Yan aji ɗaya har da faɗuwa ƙasa. Malamin lissafi ya rufe fuska da rajista. Ita kuwa ta tsaya ƙiƙam, ta waigo ta dube ni, ta ɗaga gira ɗaya, irin kallon nan nata na "me za ki iya".

Ban san lokacin da na tashi ba. Wani abu ne ya taso mini tun daga ciki, duk na makonnin nan. Na jawo makirufo na ce, "Malam, a yi mata uzuri. Karen da ya tuƙo ta ne bai san hanya ba, ya sauke ta a Katsina."

Na ji muryata ta daki bangon ajin ƙarshe ta dawo. Ihun da aka yi ya fi na Kiru. Shugaba tana buga tebur tana cewa a yi shiru, ita ma tana dariya. Baturiya ta dafe kai ta ce, "Wayyo, ta kashe ni!" Ni kuwa tunda bakin ya buɗe ban bari ya rufe ba. Na ce, "Amsar ita ce Jamhuriyar Nijar. Ta ɗazu kuma Ebares ne, a tsaunukan Himalaya." Malam ya jero mini wasu, na duniyoyi, na tekuna, na hamada. Ban bar ko ɗaya ba.

Ya rufe takarda ya ce, "Shamsiyya, Allah Ya kai mu baɗi."

A hanyar gida 'yan ajinmu suna bin Baturiya suna tambayarta ko sai da fasfo ake shiga Katsina. Tana rama musu ɗaya bayan ɗaya.

Sai da muka zo kwanar gidanmu abin ya faɗo mini. Jibiya. Maraɗi. Kilishi.

Na ce, "Kin san amsar."

Ta ce, "Wa? Ni da na ɓata rayuwata a gaban talabijin?"

Na ce, "Baturiya, kin sani."

Ta ce, "Ke dai kin iya yanzu. Riga kika ja." Ta shige gida ta bar ni a tsaye.

Ban roƙe ta ba. Ban ce ta mai da kanta abin dariya saboda ni ba. Kujerata ce, da ƙoƙarina na same ta, ba sadaka ba. Ina jin haushi ƙwarai. Na ci tuwo malmala biyu.

Juma'a, 11 ga Yuli, da hantsi

Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar jakarta ba ta nan. Baba ya tafi da ita Kaduna a motar farko. Umma ta ce tun ranar Laraba aka tsayar da tafiyar, kuma Baturiya ta sani. An gaya wa Iya. Tana ɗaki, ba ta karya ba.

Tun ranar Laraba. Wato ta san ba za ta je Tudun Wada ba. Ta san in ban buɗe baki ba, ba ni ba ita, Shamsiyya kaɗai za a kai. Ta kwana kusa da ni dare biyu ba ta gaya mini ba. Ko sallama.

Malam ya aiko a ce Shamsiyya za ta zauna a kujerarta.

Katifar ta yi faɗi da yawa.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan magariba

Mun je Tudun Wada mun dawo. 'Yan Doguwa ne suka ci, mu muka zo na biyu. Na amsa nawa duka in ban da ɗaya, na gyara na Shamsiyya da dama. Ɗakin taron ya fi na Kiru girma, manyan riguna sun fi yawa. Muryata ba ta maƙale ba.

A zagayen katun layi ya zo kaina. Wani ɓera aka tambaya, wai me yake sana'a. Na miƙe, na matsa kusa da makirufo, na ce, "Ban sani ba, Malam." Na zauna. Ba abin da ya faru. Rufin bai faɗo ba. Shamsiyya ta yi shaci-faɗi ta ce tela, ba tela ba ne. A nan 'yan Doguwa suka wuce mu. Da tana nan da mun ci, wannan ko Malam ya faɗa a mota.

An ba mu littafin taswira sabo, mai bango, Turai tana ciki.

Da na iso gida na gaida Iya, na nuna wa Umma littafin. Sai na tsaya ina murza bakin hijabi. Umma ta dube ni, ta ciro wayarta daga ƙugu, ta kira Baba ta miƙo mini. Na gaishe shi, na ce ya mai jiki. Ya ce, "Sai addu'a." Bai ce da sauƙi ba. Ya ce, "Ga 'yar'uwarki. Tun jiya da ta shiga wurin mahaifiyarta ta fito ba ta yi wa kowa magana ba."

Na ji an karɓi wayar. Ina jin numfashinta, da takun mutane, da ƙarar wani ƙarfe ana turawa. Na ce, "Baturiya." Shiru. Na ce mun zo na biyu. Shiru. Na ce ɓera ne ya kayar da mu. Shiru.

Na laluba abin da ake cewa, yau ma ban samu ba. Umma tana kallona, Iya ta fito bakin ƙofa, ga matar maƙwabcinmu ta shigo aron rariya. Duk suna ji.

Na rufe ido na ce, "Fim-fim."

Sai na ji ta ja hanci, ta ce da wata 'yar murya a dishe, "Direba. Wa ya ba ki lasisi?"

Na ce, "A Katsina na yanko."